Na Fari Na Mai Shi Ne

Tsakanin gama sakandare da shiga jami'a na zauna sama da shekara biyu, kuma mafi yawan wannan lokaci na yi shi ne a wani shagon fotokwafi da buga takardu a Samaru, cikin jerin shagunan da ke fuskantar jami'a. A Palladan muke zaune. Babanmu ma'aikacin coci ne, albashinsa yana bin yadda baikon da masu ibada suka bayar a wata ya kasance; Mama kuma tana koyarwa a firamare. Ina da ƙanne a bayana waɗanda ba su gama sakandare ba. Saboda haka tun makon da na fara aiki Baba ya faɗa mini matsayinsa ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ci da kwana suna wuyansa har in gama, tunda daga gida zan riƙa zuwa. Littattafai kuma za a san yadda za a yi. Amma kuɗin rajistar shekarar farko, wanda ake biya gaba ɗaya kafin a ba mutum lambar ɗalibi, ni zan tara shi da hannuna. In sunana ya fito babu kuɗin, gurbin ya wuce, sai a sake zaman jarrabawa.

Ba zan rubuta adadin kuɗin ba. Na tambayi wasu da muka shiga tare, kowa ya faɗi nasa daban, takardar bankin kuma ta ɓace a wani tashin gida da muka yi. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne, albashina na wasu watanni ya isa ya biya shi, da a ce albashin yana kwana.

Na daɗe ina neman kalmar da ta dace da halina na wancan lokaci. Almubazzaranci ya yi nauyi, domin ba na shan komai kuma ba na caca. Sakin hannu ya yi mini kyau fiye da yadda na cancanta, domin yawancin abin da na saya wa kaina na saya. Bayanin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wannan: idan aka miƙo mini abu aka faɗi kuɗinsa, ji nake kamar tambaya aka yi mini wadda ba ta da amsa sai “to”. Asabar ɗin da ta biyo bayan albashi nakan shiga kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, inda ake kwance sabuwar dila tun da hantsi. Masu kayan sun san ni. Daga nesa wani zai ɗaga riga mai dogon hannu ya ce, “Oga ɗalibi, taka ce wannan, na hana mutum biyu.” Ni kuwa ba ɗalibi ba ne a lokacin, kuma ina jin rabin kuɗin da nake bayarwa na sunan ne, rabi na rigar. Na taɓa sayen ƙamus iri ɗaya sau biyu domin na biyun bangonsa mai kauri ne. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, na saya, sannan na shiga sayen kati ina kiran mutanen da zan gani da yamma. Nakan hau acaɓa inda bas ke zuwa. In mai shinkafa da wake ta zo shago, ba na iya cewa a zuba mini ni kaɗai.

Na gwada hanyoyin da kowa ya sani. Na sayi asusun ƙasa, ban fasa shi ba, amma na ƙware wajen zaro takardar kuɗi ta bakinsa da tsinken tsintsiya. Na shiga adashin masu shagunan layinmu. Na yi zubi ba fashi, domin zubi ma tambaya ce mai amsar “to”, amma ranar da kwasa ta zo kaina na bi ta Sabon Gari. Na buɗe ajiya a banki, sai dai reshen yana kusa da shagonmu, ana ganin ƙofarsa daga inda nake tsayawa. Mama ta karɓi kuɗin wata ɗaya ta ɓoye, amma ita ba ta iya hana ni abin da na roƙa sau biyu.

A shekarar farko sunana bai fito ba. Na nuna baƙin ciki kamar kowa, amma na san da ya fito, da ba ni da abin kai wa banki.

Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu tun ina ƙarami, tana zaune a Zabi, tana ɗan noma a bayan gida, tana kiwon awaki, kuma tana cikin shugabannin zumuntar mata na cocinsu. Wata Lahadi da la'asar ta zo Palladan gaisuwa. Mama ta riga ta ba ta labarina a kicin, don haka da na shigo na durƙusa na gaishe ta, ba ta jira na gama ba.

“Ɗan boko, an ce kuɗi na yi maka ƙaiƙayi a cinya.”

“Gwaggo, abubuwa ne suka yi tsada.”

“Sun yi tsada, shi ya sa kake saye bibbiyu?” Ta juya wajen Baba. “Wannan halin kawunmu ne, wanda ya sayo keke alhali bai iya hawa ba.”

Baba ya ce ko za ta riƙe mini kuɗin, tunda ita ba a yi mata wasa. Ta ƙi.

“Ba na riƙe kuɗin mutum. In na riƙe zai zo mini da labari, ni kuma ba ni da ƙarfin jin labari. Ya kawo, in saya masa abin da ba ya shiga aljihu.”

Akuya take nufi. Tsarin sananne ne a wajenmu: mai kuɗi ya sayi uwa, mai kiwo ya riƙe, a raba 'ya'ya. Amma rabon yana bambanta daga gida zuwa gida, ni kuma ko a lokacin ina son a fayyace mini magana. Na tambaye ta yadda namu zai kasance.

“Uwa taka ce, duk ranar da ka ga dama ka sayar. In ta haifi tagwaye, ɗaya naka ɗaya nawa. In ɗaya ta haifa, mu yi karɓa-karɓa.”

“To na fari fa, wa zai fara ɗauka?”

“Na fari ai na mai shi ne. Wannan ba abin tambaya ba ne.”

Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne.” Na rubuta maganar a nan yadda na ji ta a ranar. Na ji daɗinta, na yi godiya, har na ga Gwaggo ta yi mini sauƙi.

Daga nan, duk ƙarshen wata nakan ɗauki kaso mafi girma na albashi in wuce Zabi a ranar da aka biya ni, kafin Asabar ta zo. Gwaggo ba ta bari kuɗin ya daɗe a hannunta. Da ya kai, ta sayo jar akuya mai ƙaramin ciki. Bayan wasu watanni ta ƙara da wata baƙa, budurwa. Ba zan ce halina ya canza ba. Ragowar albashin yana ƙarewa kafin tsakiyar wata kamar da. Bambancin kawai shi ne, abin da ya isa Zabi ya zama mai ƙafa huɗu da kuka.

Sau ɗaya na je da niyyar sayarwa. An nuna mini wata waya mai rediyo, na shirya bayani mai tsawo a cikin bas. Gwaggo tana sussukar masara ta saurare ni har ƙarshe.

“Ga ta can, kwance ta,” in ji ta. “Kasuwa sai jibi. Igiyar tawa ce, ka zo da taka. Ni kuma ba zan raka ka ba, ƙafata na ciwo.”

Na tsaya ina kallon akuyar. Na hango kaina da riga mai dogon hannu da takalmi sau-ciki, ina jan ta zuwa bakin titi tana turjewa, ina roƙon direba ya sa ta a but ɗin mota, sannan ina ciniki da dillalai waɗanda za su gane ban san komai ba tun daga yadda na riƙe igiya. Na sha ruwa na koma gida. Ban san ko wannan ya cancanci a kira shi haƙuri ba. Na fi zaton ƙyuya ce da kunya.

Jar akuyar ta haifi ɗa ɗaya, namiji, ja kamar uwarsa, da fari a ƙafar gaba ta hagu. Da ya ɗan tasa Gwaggo ta sa aka dandaƙe shi domin ya yi ƙiba, ya zama taure. Ta ware masa turke a inuwa, ba ta barinsa yawon bola da sauran. Takan ce, “Wannan ba na wasa ba ne,” ni kuma in ɗauka makarantata take nufi. Na shiga saya masa dusa da harawa, har da gishirin lasa da na ga ana tallarsa. A karo na farko kashe kuɗina yana ƙara wa wani abu nawa nauyi. Haihuwa ta biyu mace ce guda ɗaya, Gwaggo ta ce tata ce, na ga daidai ne bisa karɓa-karɓa. Baƙar kuwa ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba.

Sunana ya fito a zama na biyu, wajen kaka. An ba da 'yan makonni na rajista. Na yi lissafi bisa farashin da Gwaggo take faɗa mini: uwaye biyu da taure za su biya kuɗin, har a sami ɗan canji, musamman da yake Kirsimeti na matsowa, taure mai ƙiba kuma a lokacin yake tsada. Shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake buƙata. Gwaggo ta aiko cewa in zo ranar Lahadi, ana godiyar kaka a cocinsu, sai mu tsayar da ranar kasuwa. An biya ni albashi ranar Asabar, na tafi da shi a aljihu, tare da ƙanwata mai bi mini.

Ga wanda bai san al'adar ba: bayan girbi akan keɓe Lahadi guda, kowane gida ya kawo wani abu daga abin da ya samu a shekarar. Ana shigowa da shi da waƙa har gaban bagadi, a yi addu'a. Bayan an tashi sujada sai a fitar da kayan waje a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga asusun coci. Kowa ya san ana biya fiye da kasuwa, domin ba don riba ake saye ba.

Cocin ya cika har tagogi. Aka shigo da dammunan dawa, buhunan masara, doya, kabewa, rake, kaji a ɗaure. Can sai zumuntar mata suka taso daga ƙofa cikin zanensu iri ɗaya, suna buga tulu suna kaɗa caki. Gwaggo ce a gaba, tana rawa a hankali irin ta manya, da igiya a hannunta. A ƙarshen igiyar akwai jan taure, an wanke shi fes, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, yana zamewa a kan siminti.

Ƙanwata ta taɓa ni da gwiwar hannu. “Yaya, wancan ba naka ba ne?”

Na duba ƙafar gaba ta hagu. Farin yana nan.

Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna Gwaggo ya ce wannan mama ta kawo nunan fari na kiwon ɗanta, wanda Ubangiji ya buɗe wa ƙofar jami'a a bana, kuma yaron yana nan tare da mu, ya tashi a gan shi. Na tashi. Aka tafa, wata ta rangaɗa guɗa. A tsaye nake lokacin da maganar Palladan ta dawo mini daidai yadda Gwaggo ta nufe ta. Na fari na Mai shi ne. Na yi sama da shekara ina gyara wa ɗalibai manyan baƙaƙe da ƙanana a takardunsu, amma babban baƙi ba ya fita a baki. Na san koyarwar nunan fari tun daga makarantar Lahadi. Ban taɓa haɗa ta da akuyar da na saya da albashin fotokwafi ba.

Da aka tashi, na same ta a bayan coci tana gyara ɗaurin kai.

“Gwaggo, kin ce na fari na mai shi ne.”

“Na ce.”

“Ai ni ne mai shi.”

Ta saki ɗankwalin ta dube ni daga sama har ƙasa. “Kai? Kai ka halicce shi? Akuya taka ce, ban hana ka ba. Amma abin da ya fara buɗe cikinta ba naka ba ne, ba nawa ba ne. A gaban ubanka na faɗa, ya ce haka ne. Ɗan ma'aikacin coci, sai an fassara maka wannan?”

“Na sa shi a lissafi. In babu shi kuɗin ba zai kai ba.”

“Duk dusar da kake ta kawowa, ba don Ubangiji kake yi ba? Ni har ina ba mata labari, ina cewa yaron nan ya shiryu.”

“Don kasuwa nake yi, Gwaggo.”

Sannan ta tambaye ni nawa zai rage, na faɗa mata. Ta ɗaure kanta, ta koma wajen mata. Ina so in rubuta a fili cewa ba ta yaudare ni ba. Na ga fuskarta. A lokacin ita ma ta fara sanin cewa shekara guda muna magana biyu da kalma ɗaya. Kuma abin da aka riga aka yi wa addu'a a gaban bagadi ba mai kwance shi ya mayar gida.

An jera kayan a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Mai gwanjon wani dattijon coci ne, tela, gajere, da ƙararrawar makaranta a hannu. Babban baƙon ranar wani mai sayar da kayan gyaran mota ne a Sabon Gari, mutumin kudu, wanda ya daɗe a Zariya. Yana jin Hausa sosai, sai dai “ka” da “ki” duk ɗaya ne a bakinsa. An ba shi kujera mai hannu. Aka fara da ƙananan kaya. Dattijon yakan ɗaga kabewa ya ce, “Wannan daga gonar Adnin aka tsinko ta, wa zai taya?” In an taya da arha sai ya dafe ƙirji ya ce, “Albarka! Ko matarka ba za ta yarda da wannan tayin ba.” In ciniki ya tsaya sai ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya kaɗa ƙararrawa.

Tauren aka bari na ƙarshe. Kafin a zo kansa na riga na yi wani lissafi: albashina yana aljihu, in na same shi ƙasa da farashin kasuwa, zan sayar dab da Kirsimeti, bambancin ya rage mini giɓi. Lissafin ba shi da kuskure in da a kasuwa ake. Na san inda nake, na kuma ga yadda aka sayi kabewa da kuɗin kaza. Duk da haka da dattijon ya ce wa zai taya, hannuna ne ya fara tashi.

“Ɗan jami'a ya taya! Albarka, ɗan jami'a, wannan kuɗin kunnuwansa ne kawai. Jama'a, ku duba, ya ba Ubangiji kuma yana so ya sake ba shi. Ina iyayen yara? Ku nuna musu!”

Wasu mutum biyu suka ƙara, na ƙara, suka janye. Sai babban baƙo ya ɗaga makullin motarsa. Daga nan ni da shi ne. Ya ƙara, na ƙara. Muka wuce farashin kasuwa, kuma na san lokacin da muka wuce shi, domin a baya na sha tambayar farashin nan. Mata suna guɗa duk sa'ad da na ɗaga hannu. Ƙanwata tana jan rigata tana cewa, “Yaya, ka haukace ne?” Mutumin ya juyo a kujerarsa yana dariya.

“Yarona, ki bar mini mana. Ina da baƙi ranar Kirsimeti. Ke karatu za ki ci ko nama?”

Aka fashe da dariya. Dattijon ya ce, “Ɗan jami'a, an mayar da kai mace a gaban jama'a, za ka yarda?”

Na ƙara. Wannan tayin shi ne albashina gaba ɗaya, har da kuɗin motar komawa. Mutumin ya ɗora a kai ba tare da ya ko duba aljihu ba. Duk abin da zan faɗa bayan wannan, daga jikin ɗaya daga cikin uwayen zai fito, ma'ana daga kuɗin rajista. Dattijon ya juyo gare ni, ya ɗaga ƙararrawa.

“Ana jiranka, ɗan jami'a. Ɗaya. Biyu.”

Ƙararrawa ta kaɗa, aka ba mutumin Sabon Gari igiya.

Abin da ya faru tsakanin biyu da uku ban iya tantance shi ba har yau. Ƙanwata ta ce da idonta ta ga na sauke hannu na cusa shi a aljihu. Wata mata daga zumunta ta gaya wa Mama cewa Gwaggo ce ta yi gyaran murya ta harari dattijon, shi ya sa ya gaggauta. Gwaggo ta ce ita tana can tana kwance kaji, ba ta ma kallo. Na tambayi dattijon bayan wasu shekaru, ya ce shi ƙirgarsa ɗaya ce ga kowa, kuma bai tuna da wani taure ba. Abin da ni nake tunawa shi ne hannuna yana hanya, ya kai wajen kafaɗa, kuma ban ji an ce uku ba sam. Zan so labarin ƙanwata ya zama shi ne daidai, wannan ne ma ya sa ban amince da shi sosai ba. Na bar su duka yadda aka ba ni.

Jama'a na watsewa Gwaggo ta zo inda nake tsaye. Ta kwance bakin zanenta ta tara mini.

“Zuba nan.”

“Kin ce ba kya riƙe kuɗin mutum.”

“Na ga abin da ya fi ƙarfin maganata. Zuba.”

Na zuba duka. Ta zaro kuɗin motarmu ni da ƙanwata, ta miƙa wa ƙanwata, ta ƙulle sauran.

Ranar kasuwa na zo da igiyata. Muka kai ja da baƙa. Baƙar ta ɗauki ciki a ƙarshe, ya kuma fito sosai, wannan ya ɗaga kuɗinta. Gwaggo ce ta yi cinikin, ni ina riƙe da igiya ina yin shiru kamar yadda ta umarce ni. Da aka haɗa da albashin da ke bakin zanenta, saura kaɗan ya kai, amma bai kai ba. Ashe ta sa wani maƙwabcinta ya biyo mu da 'yar akuyar nan ta haihuwa ta biyu, rabonta, don a sayar a cike giɓin. Na ce ba haka muka yi ba.

“Rabona ne ko ba rabona ba ne?”

“Rabonki ne.”

“To in na ga dama in ba kare. Riƙe mini nan.”

Saboda wannan, idan na ji Mama tana gaya wa baƙi cewa ni na tara kuɗin shiga jami'a da kaina, nakan gyara maganar. Mafi yawansa daga albashina ya fito, wannan gaskiya ne. Amma ban riƙe shi ba, kuma cikonsa ba nawa ba ne.

Gwaggo ba ta yarda ta aiko da kuɗin ba, ba ta kuma yarda ya kwana a Palladan ba. Ranar biya ta taso daga Zabi da sassafe, muka haɗu a Samaru a ƙofar banki. Layin ɗalibai ya fito har waje. Ta tsaya tare da ni a rana, tana kore masu tallar biro da fayil da ruwan leda kafin su iso gare ni, sai da muka kai bakin ƙofa, inda mai gadi ya ce mai biya kaɗai zai shiga. A nan ta kwance ƙullin ta damƙa mini. Da na isa gaban kantar mai karɓar kuɗi aka ce akwai ɗan kuɗin aikin banki a kan na rajista, wanda ba wanda ya gaya mini. Na roƙi na bayana ya riƙe mini wuri, na fito na faɗa mata. Ta kwance ɗaya bakin zanen, inda kuɗin motarta na komawa yake, ta haɗa da abin da ke aljihuna, ya kai.

Na fito da takardar shaida mai hatimi. Gwaggo tana karanta Hausa, amma ba ta karanta Turanci, don haka ta sa na karanta mata daga sama har ƙasa, ina fassarawa, har da sunan reshen banki.

“Sun karɓa duka?”

“Duka.”

“Ba za su ce a ƙaro ba?”

“Na bana dai an gama.”

“To. Yanzu da me za mu koma?”

Babu ko sisi a jikinmu mu biyu. Na ce in shiga shagonmu in karɓo wani abu a wajen mai shagon, ta ce kada in fara. Muka kama hanyar Palladan a ƙafa, inda Baba zai ba ta kuɗin mota. Ƙafarta da gaske tana ciwo, don haka a hankali muka tafi, muna tsayawa a inuwa. Katangar jami'a tana gefenmu tsawon wani lokaci, ana hango rufin gine-gine ta samanta. Gwaggo ta tsaya ta dafa kafaɗata tana leƙe.

“A wanne za ka riƙa zama a ciki?”

Na ce ban sani ba tukuna, sai ranar Litinin za a nuna mana.